Na yayyanka zannuwan marigayiya mahaifiyarmu don in ɗinka bargo, yanzu Yayata ta daina yi mini magana

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai shekara 29, ina zaune a Zariya, kuma sana'ata ɗinkin hannu a cikin gida. Ina ɗinkin hula, ina kuma karɓo ƙyallaye daga wajen teloli in harhaɗa su in mai da su rigar filo da zanen gado da bargon yara. A hannun mahaifiyarmu na koyi riƙon allura. Allah ya yi mata rasuwa wata bakwai da suka wuce, ta bar mahaifinmu da mu 'ya'yanta huɗu, wato Yayata da ni da ƙannenmu maza biyu, ƙaramin shekararsa 14. Kakarmu da ta haife ta tana raye, kuma har yau ba a raba gado ba. Akwatin zannuwanta yana hannuna domin ni na yi jinyarta, kuma akwai ranar da ta ce mini, "Idan na tafi, ke za ki san abin yi da tsummokaran nan." Zannuwa 24 ne a ciki. Da kewarta ta dame ni, sai na ɗauki shida na yayyanka su, na fara haɗa bargon da zan riƙa lulluɓa da shi ina jin ƙamshinta. Na kai rabi sai Yayata ta kawo mini ziyara ta gani. Ta fashe da kuka, ta ce na ci gadon marayu, kuma a cikin abin da na yanka har da zanen da Mama ta ɗaura ranar bikin ita Yayar tawa. Tun daga ranar ba ta ɗaga wayata. Baba ya ce mu je mu daidaita tsakaninmu, mijina kuma ya ce in sayi sababbin atamfofi shida in mayar a wuce wurin. Ni kuwa na kasa taɓa allurar, na kuma kasa rabuwa da aikin. Anti, shin na yi laifi? Yaya zan yi?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya haskaka kabarinta, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ke kuma ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kika yi da ita. Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, kuma ban ga mai kwaɗayi a cikinta ba. Wadda take son cin gado dillaliya take nema ta sayar da zanen a ɓoye, ba ta kwana tana zura zare a allura. Abin da na gani shi ne 'yar da ta rasa uwarta, ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta koma ga abin da uwar ta koya wa hannunta.

Duk da haka kin yi mini tambaya kai tsaye, kuma ba zan rufe ki ba: kin yi kuskure. Daga lokacin da rai ya fita, duk abin da mamaci ya bari ya tashi daga nasa ya koma na magadansa gaba ɗaya, kuma aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta faɗa a fili cewa maza da mata suna da rabo a cikin abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa. Saboda haka tsohon zane ma gado ne, kamar yadda gida da gona suke gado. Mutane da yawa a cikinmu suna mantawa da wannan, har ka ga ana kwashe kayan sawar mamaci a yi sadaka da su tun kafin arba'in ba tare da an tambayi kowa ba, alhali sadakar ba ta inganta sai da yardar masu haƙƙi.

Bari in nuna miki lissafin yadda na fahimce shi daga bayaninki, idan har mahaifin Mama ba ya raye kuma an riga an biya bashi da wasiyya. Baba yana da kashi ɗaya cikin huɗu tunda ta bar 'ya'ya, Kaka tana da ɗaya cikin shida, sauran kuma naku ne ku huɗu, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan aka kasa dukiyar gida 72, Baba zai ɗauki 18, Kaka 12, kowane namiji 14, ke da Yaya kowacce 7. Da a ce zannuwa 24 ɗin kuɗinsu ɗaya ne, kuma su kaɗai ta bari, da rabonki bai wuce biyu da ɗan ɗoriya ba, ke kuwa shida kika yanka. Ban kawo wannan don in ƙara miki nauyi ba. Na kawo shi ne domin ki ga cewa abin da ya shiga tsakaninku yana da iyaka, ana iya ƙirga shi kuma ana iya biyansa. Gado da ƙima ake raba shi, ba da ƙidayar zane ba, don haka idan Mama ta bar ɗan kunne na zinariya ko keken ɗinki ko dabbobi, ana iya cire kuɗin zannuwa shidan daga rabonki a can.

Maganar da Mama ta faɗa miki kuwa, na san ita kike riƙe da ita a zuciya, kuma na yarda ta faɗa. Sai dai ki dubi lafazin da kyau. Cewa ta yi za ki san abin yi da su, wanda ya fi kama da damƙa amana ga wadda ta san darajar tufafi fiye da ya yi kama da kyauta. Ko da kyauta take nufi, a mazhabar Malikiyya da muke bi kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa, kuma ajiyar akwati a ɗakin mai jinya ba lallai ne a ɗauke ta a matsayin karɓa ba. Idan kuma wasiyya ce, to ba a yi wa magaji wasiyya sai idan sauran magada sun amince. Wannan gaɓar malamin da ya san ilimin rabon gado ne zai yanke muku ita bayan ya ji ta bakin kowa, kuma ina roƙonki kada ki shiga wajen Yaya da maganar nan a matsayin hujja. A kunnenta za ta zama kamar kina cewa Mama ta fi sonki.

A nan nake so mu daɗe, domin ina ganin ba kuɗin atamfa ne ya sa Yayarki kuka ba. Ke kika yi jinya, ke kika ji maganganun ƙarshe, akwatin ma a ɗakinki ya kwana. Ita tana gidan aurenta, wataƙila tana cizon yatsa a kan kwanakin da ba ta samu zuwa ba, tana kuma jiran ranar da za a buɗe akwatin nan ta ɗauki zane ɗaya tak, wanda uwarta ta ɗaura ranar da aka kai ta ɗakin miji, ta ajiye shi har ta nuna wa 'ya'yanta. Sai ta shigo ta tarar da shi gunduwa-gunduwa a kan tabarma. Yadda kika so ki lulluɓa da ƙamshin Mama, haka ita ma ta so, kuma babu wanda ya tambaye ta. Kalmar cin gadon marayu tana da zafi, kuma na san ta soke ki, amma wanda yake cikin kuka yakan ɗauki kalmar da ta fi kusa da bakinsa. Akwai ma ɗan gaskiya a ciki da bai kamata a tsallake ba: autanku bai mallaki hankalin kansa ba tukuna, kuma rabon yaro ƙarami babu mai ikon yafe shi a madadinsa don kara ko kunya. Dole a ƙiyasta nasa a ajiye masa.

Shawarar maigidanki ta mai son zaman lafiya ce, ki gode masa, amma ba za ta kashe wutar ba. Sabon turmi daga Kantin Kwari ba zai zama zanen da Mama ta ɗaura ba, kuma idan akwai tsofaffin atamfofin da masaƙun Kaduna irin su UNTL suka buga a cikin waɗanda kika yanka, samun irinsu a kasuwa yanzu abu ne mai wuya, tunda masaƙun sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya tun cikin shekarun 2000. Idan kika aika wa Yaya sababbin atamfofi kafin ki je da ƙafarki, za ta ji kamar kin sa wa hawayenta farashi. Kuɗin da ya yi niyyar kashewa ya riƙe su, za su yi amfani ranar da aka yi ƙima. Shi kuma Baba, kada ki ga kamar ya yi sakaci da ya ce ku daidaita; mutumin da ya rasa abokiyar zamansa ba kasafai yake da ƙarfin shiga tsakanin 'ya'yansa mata a kan kayanta ba. Amma akwai abu ɗaya da shi kaɗai zai iya yi, wato ya kira malami a raba gadon nan. Wata bakwai ya isa, kuma jinkirin ne ya bar ƙofar da wannan saɓani ya shigo.

Abin da za ki fara yi, tun yau, shi ne ki ajiye almakashi. Ki ninke zannuwa 18 da suka rage, ki rubuta su ɗaya bayan ɗaya a takarda da launinsu da irinsu, ki rufe akwatin ki kai shi ɗakin Baba ko na Kaka, domin ya fita daga hannunki kowa ya gani. Daga nan ki zauna da aikin da kika fara, ki tsince duk wani ƙyalle na zanen bikin Yaya, har waɗanda kika riga kika haɗa a jikin bargon. Ki warware ɗinkin a hankali da bakin allura, kada ki ja zaren da ƙarfi domin tsohon yadi ba ya jure fizga. Na san warware aikin da aka sha wahalarsa yana da ciwo, duk mai ɗinkin hannu ta san haka, amma wannan warwarar ita ce ban-haƙurin da Yaya za ta gani da idonta. Ki goge su, ki jera su, ki ƙulle a farin ƙyalle mai tsabta.

Sannan ki tashi ki je gidanta, domin zumunta a ƙafa take, kuma saƙon waya ba ya ɗaukar irin wannan magana. Idan kina tsoron ta ƙi sauraronki, ki roƙi Kaka ko wata ƙanwar Mama da Yaya take jin nauyinta ta raka ki. Kada ki tafi da bargon, kada kuma ki fara da bayanin dalilinki. Ki gaishe ta, ki ce, "Yaya, na yi kuskure. Kayan nan namu ne gaba ɗaya, na taɓa su ban tambaye ki ba, kuma na yanka wanda ya fi kowanne daraja a wajenki. Ki yafe mini don Allah." Ki miƙa mata ƙullin, ki yi shiru. Idan ta yi faɗa ki bar ta ta amayar da abin da ke cikinta, kada ki ce ai ke kika yi jinya, ko da maganar ta zo miki har maƙogwaro. Mai yiwuwa ba za ta sauko a ranar ba, kuma wannan ba ya nufin tafiyar ta tashi a banza. Ki bar mata mako biyu ko uku, ki ci gaba da aika gaisuwa, ki kuma je duk wata hidima ta gidanta kamar yadda kika saba.

Ranar rabo, a samo dillaliya ko wata dattijuwa da ta san kuɗin tufafi, wadda ba ta da ɓangare, ta yi wa zannuwa shidan ƙima a matsayinsu na waɗanda aka ɗaura, kamar yadda suke kafin almakashi ya hau su. Ki kawo ƙyallayen ta gani, domin zanen Holan ko shadda mai kyau ba kuɗinsu ɗaya da ƙaramar atamfa ba ko da sun tsufa. A cire daga rabonki, idan bai kai ba ki cika. Wanda ya ce ya yafe nasa daga cikin manya, ki karɓa da godiya, amma na auta a ajiye masa a hannun Baba. Bayan an yi haka ne ƙyallayen za su zama halalinki, kuma ina da yaƙinin a ranar ne hannunki zai sake karɓar allura, domin abin da ya hana ki taɓa ta zuciyarki ce da ta riga ta san akwai haƙƙin wasu a jikin aikin.

Yanzu bari mu yi maganar ɗinkin kansa, domin a cikinsa akwai mafitar da ban ga kin lura da ita ba. Kin yanka fiye da abin da bargo ɗaya yake buƙata. Zane ɗaya yadi biyu ne, wato inci 72 a tsawo, faɗin atamfa kuma wajen inci 45. Idan aka yanka shi murabba'i mai inci 6, za a sami jeri 12 a tsawo da 7 a faɗi, ƙyalle 84 ke nan. Idan aka bar rabin inci a kowane gefe don ɗinki, kowane ƙyalle zai tsaya a inci 5, don haka bargo mai inci 60 da 80 ƙyalle 192 yake ci, abin da bai kai zane biyu da rabi ba. Ko da awon da kika yi ya bambanta da wannan, lissafin ba zai yi nisa ba. Ke nan bayan an ware na Yaya, zannuwa biyar da suka rage za su ba ki bargonki, su kuma bar abin da zai isa a yi wa kowa wani abu. Rigar filo mai inci 20 ƙyalle 16 kacal take ci a fuska ɗaya. Kaka za ta iya samun abin lulluɓe ƙafa na lokacin hunturu, maza biyun kuma jakar saka Alƙur'ani ko rigar filo, kowa da guntun zanen da ya fi tuna masa da ita. Ki tambaye su tukuna, kada ki sake yanke wa kowa shawara, ko da ta alheri ce.

Shi kuwa zanen bikin, Yaya ce mai magana a kansa. Idan ta so, za ki iya mayar mata da ƙyallayensa wuri ɗaya bisa jerin zanen furensa, ki yi masa shafi da farin yadi mara nauyi. Zai ragu, domin kowane ɗinki yana cin inci guda, amma zai dawo abu ɗaya da za a iya shimfiɗawa ko a lulluɓe jariri da shi. Idan kuma ta ce a bar mata shi yadda yake, ki bar mata, kada ki matsa.

Tsohon zane yana da halinsa, kuma ya bambanta da ƙyallen tela da kika saba da shi. Ki ɗaga kowane ƙyalle ki duba shi a hasken rana. Inda haske ya ratsa sosai, musamman wajen mazauni da bakin ɗauri, yadin ya mutu, sai a yi masa shafi ko a ajiye shi gefe. Ki gwada zuba ta hanyar goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan kowane launi, musamman ja da shuɗin rini, domin ƙyalle ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata bargo gaba ɗaya a wankin farko. Kada ki haɗa leshi da atamfa a jeri ɗaya, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne kuma ɗinkin zai yage ta wajen mai rauni. Ki yi amfani da zaren auduga da siririyar allura. A tsakiya ki sa tsohon bargo mara kauri maimakon soso, wanda yake riƙe zafi kuma yake marmashewa da daɗewa. Ki shimfiɗa hawa ukun a ƙasa, ki kama su da manyan ɗinki daga tsakiya zuwa gefe domin kada su tattare, sannan ki bi da ƙananan ɗinki a jere, tazarar yatsa uku ko huɗu tsakanin layi da layi, ki rufe baki da kalmasa. Wanki da hannu a ruwan sanyi, shanya a inuwa, ajiya kuma ba a cikin leda ba, kuma kada kafur ya taɓa jikin yadin kai tsaye. Ƙamshin da kike nema zai tafi da wanki, wannan babu makawa, don haka ki ware ƙyalle ɗaya ko ɗankwali da ba za a wanke ba, ki riƙa turara bargon da irin turaren wutan da Mama take sawa.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar almakashi ko kaɗan, wadda za ta yi amfani idan wani daga cikinku ya so a yi masa abin rufa da zannuwan da suka faɗo a rabonsa. Matan Bangaladash da na yankin Bengal a Indiya sun daɗe suna jera tsofaffin tufafinsu uku ko huɗu, ɗaya a kan ɗaya, su bi su da ɗinkin hannu layi-layi har su zama bargo, suna kiran aikin kantha. Zanenmu ya dace da wannan ƙwarai, domin shimfiɗaɗɗe ne ba shi da hannu ko wuya. Zane yana nan ɗungurungum da furensa, kuma duk ranar da mai shi ya canza ra'ayi sai a zare zaren ya koma yadda yake. Da wannan nake ganin ya kamata ki fuskanci Yaya idan zuciyarta ta yi sanyi har ta tambaye ki abin da za a iya yi da nata rabon.

Idan kuma aka yi duk wannan ta ce ita ba ta son ganin bargon har abada, ki girmama hakan. Ki gama naki bayan an biya haƙƙi, ki ajiye shi a ɗakinki, ki ɗauke shi daga kan gado ranar da za ta zo. Idan ruwa ya zube ya bar tulu ai da sauƙi, kuma tulun a nan ita ce Yayarki, wadda a yanzu ita ce makwafin uwa a gare ku. Na fi sa ran za ta sauko, domin wadda ta yi kuka a kan zane ɗaya ba mai busasshiyar zuciya ba ce. In ta sauko, ki ɗauki aikin ki tafi da shi gidanta wata ranar Asabar, ki ba ta allura ɗaya ki riƙe ɗaya, ki ce ta zaɓi ƙyallen da zai zauna a tsakiya. Ki rubuto mini bayan kin dawo daga gidanta, ina jiran jin yadda kuka yi. Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai ladan wannan sulhu kabarin Mama.